Maikirowef Ya Tsaya: A Kai Gyara Ko A Sayi Sabo?

Wasiƙun da suka shigo filin kayan lantarkin gida a wannan fitowar kusan duk a kan na'ura ɗaya suke, wato maikirowef. Mun taƙaita tambayoyin, masu aikin gyara da ke kula da filin suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Maikirowef ɗina shekararsa shida. Fitila tana kamawa, faranti yana juyawa, har ƙarar fanka ina ji, amma yadda na sa abinci da sanyi haka nake ciro shi. Mai gyara ya kasa kunne kawai ya ce magnetiron ne ya mutu, kuma abin da ya yanka mini ya kusa rabin kuɗin sabo. In biya, ko in haƙura in sayi wani?

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki biya tukuna, domin ba a tabbatar da mutuwar magnetiron da kunne.

Fitila da fanka da motar faranti hanyar wutarsu daban, shi ya sa kike ganin suna aiki lafiya lau. Zafi kuwa sai wuta ta bi ta hannu da yawa kafin ya samu. Taransifoma ce ke ɗaga wutar soket zuwa kusan bolt 2,000, kafasita da dayod su ninka ta zuwa wajen bolt 4,000, sannan magnetiron ya mayar da ita igiyoyi masu kaɗawa sau biliyan 2.45 a daƙiƙa ɗaya. Su ne ke motsa ruwan da ke cikin abinci har ya ɗau zafi. A na'urori da yawa akwai kuma wani siririn fiyus na babbar wuta tsakanin taransifoma da kafasita. Duk wanda ya lalace a cikin biyar ɗin nan, alamar iri ɗaya ce, irin wadda kika bayyana. Makunnin ƙofa ko rile, wato ɗan makunnin da ke kan bod ɗin da ke sarrafa na'urar, su ma suna iya jawo hakan. Dayod da fiyus ba su da tsada ko kaɗan, kafasita tsaka-tsaki ce, magnetiron da taransifoma su ne masu cin kuɗi. Wanda ya fara da ambaton mafi tsada bai kuma ɗora mitar gwajin wuta a kan masu arahar ba, akwai tambaya a kansa.

Kafin ki koma wurinsa, ki yi abin da za ki iya yi ba tare da kwance ko sukuru ɗaya ba. Ki tabbatar ƙarfin yana kan mataki mafi sama, ba a kan narkar da ƙanƙara ba, kuma ba agogon ƙirga lokaci kaɗai aka kunna ba. Ki cire shi daga doguwar wayar jone ki sa shi kai tsaye a soket ɗin bango. Maikirowef mai fitar da wat 800 yakan ja wat 1,200 ko fiye, don haka siririyar waya, ko ƙaramin janareta, ko wutar da ta yi ƙasa sosai, duk suna iya sa fitila ta kama amma magnetiron ya kasa tashi.

Sai gwajin ruwa. Ki zuba ruwan sanyi lita 1 cif a faffaɗan kwanon gilas ko na roba, ki auna zafinsa da ma'aunin zafi na kicin, ki rubuta. Ki kunna a cikakken ƙarfi na minti 1, ki gauraya ruwan sosai, ki sake aunawa. Bambancin digirin da kika samu a ma'aunin Salshiyas ki ninka shi sau 70, shi ne kimanin wat ɗin da na'urar ke bayarwa. Mai wat 800 da ke da lafiya zai ƙara wa ruwan digiri 10 zuwa 11. In kin ga ƙarin digiri 5 kawai, wato wat 350 ke nan, ko dai magnetiron ya tsufa ko wutar gidan ta yi rauni. In ruwan bai motsa ba sam, to hanyar babbar wutar ta yanke a wani wuri, kuma nemo wurin aikin mai gyara ne.

Ki ce ya gwada a gabanki. Fiyus ɗin babbar wuta yana cikin wani farin bututun roba, galibi an rubuta masa kilobolt 5 da ƙasa da amfiya 1. In ya ƙone, da wuya ya ƙone haka kawai, sai a nemi abin da ya ƙone shi. Dayod ɗin maikirowef ba ya nunawa a mitar da aka saba, sai an haɗa da batir mai bolt 9, kuma nan ne wasu ke yanke hukuncin kuskure. Kafasita a duba ko ta kumbura ko tana yoyon mai, a kuma auna ko tana kusa da adadin da aka buga a jikinta, yawanci wajen maikirofarad 1. Magnetiron kuwa, tsakanin ƙafafunsa biyu mita za ta nuna ƙasa da om 1, tsakanin kowace ƙafa da gangar jikinsa kuma kada ta nuna komai. A leƙa maganaɗisunsa biyu ko sun tsage, a duba hular da ke kan eriyarsa ko ta ƙone. Magnetiron ɗin da bai ci wannan gwajin ba ya mutu tabbas. Wanda ya ci kuma ba lallai yana da lafiya ba, sai an wanke sauran kayan daga zargi sannan a dawo kansa.

Idan dayod ne, ko fiyus, ko kafasita, ki gyara ba wani dogon tunani. Idan magnetiron ne da gaske, ki fara nemo takardar garanti, saboda wasu kamfanoni suna ba shi garantin shekara 5 ko ma 10, daban da na sauran jikin na'urar. In babu, ga ra'ayinmu: maikirowef na kan teburi yakan yi shekara 7 zuwa 10, naki ya ci shida, kuɗin gyara kuma ya kusa rabin na sabo. Sabo ya fi miki. Za ki sa sabon magnetiron ne a cikin tsofaffin makunnai da tsohuwar taransifoma, gobe wani ya tsaya. Da a ce irin wanda ake ginawa cikin kabad ne, ko mai haɗe da gashi da tanda, da mun ce ki gyara, don sauya shi na nufin neman mai girma daidai da ramin da kuma kuɗin girkawa. In kuma kin zaɓi gyaran duk da haka, ki tambaya ƙarara: sabo ne za a sa, ko wanda aka ciro daga wata matacciyar na'ura? Na kwance ba laifi ba ne in an faɗa miki, an rage kuɗi, an kuma ba ki wa'adin dawowa da shi.

TAMBAYA: Malamai, namu ya ɗauke ɗif, ko agogo ba ya nunawa. Ina ɗan taɓa aikin wuta, nakan gyara soket da fanka a gida. Na san fiyus ne. Zan iya kwance murfin in canza da kaina?

AMSA: Malam, a'a. Wannan ba fanka ba ce. Kafasitar maikirowef tamkar randa take, ko an rufe famfo ruwan da ta tara yana nan. Tana iya riƙe wutar dubban bolt bayan an zare filogi. Akwai wani rizisto a cikinta da ke tsiyaye wutar a hankali, amma yana iya mutuwa ba tare da wata alama ba, kuma ba za ka sani ba sai hannunka ya kai. Ƙwararren mai gyara ba ya taɓa komai sai ya sauke wutar kafasita da kayan aiki masu rufin roba, ya kuma tabbatar da mita. Taransifomar kuwa in tana kunne, wutar da take bayarwa ta isa ta tsayar da zuciya nan take. A Amurka mutane sun mutu wajen amfani da ita suna ƙona zane a jikin katako, har ƙungiyar masu sassaƙar katako ta ƙasar ta hana wannan aikin a tarukanta a 2017. Kada garin neman gira a rasa ido.

Abin da ke wajen murfi naka ne. Ka jona wata na'ura a soket ɗin ka ga ko akwai wuta, ka duba bireka, ka bi wayar daga filogi zuwa jiki ko ta ƙone ko ɓera ya ci. In filoginku mai ƙafa uku ne masu kusurwa, akwai fiyus mai amfiya 13 a cikinsa, wannan kana iya canzawa. In na'urar ta ɗauke ne tana tsakiyar dogon aiki, ka bar ta ta huce na rabin awa, ka janye ta daga bango, ka share ƙurar ramukan iska. Akwai makunnin kariya daga zafi a cikinta. Wani yakan dawo da kansa in ya huce, wani kuma in ya yanke ya yanke ke nan.

Ko da hasashenka ya yi daidai, fiyus ɗin ciki alama ce kawai ta wata cuta. Ka tuna lokacin da ya ɗauke, ka faɗa wa mai gyara, don zai rage masa rabin aiki. In daidai danna maɓallin farawa ne, a tuhumi kafasita ko dayod ko taransifoma. In daidai buɗe ƙofa ne ko rufe ta, makunnan ƙofa ne. Yawanci uku ne a bayan ramukan da ƙugiyoyin ƙofa ke shiga. Biyu suna yanke wuta da zarar an buɗe. Na ukun mai gadi ne: in na farko ya manne bai saki ba, shi zai haɗe wutar da gangan ya ƙone fiyus, don kada magnetiron ya yi aiki ƙofa a buɗe. Saboda haka wanda ya sa sabon fiyus bai duba makunnan ba, zai sake ƙonewa. Wanda kuma ya naɗa waya a madadin fiyus ya cire wa gidansa kariya gaba ɗaya. A sa fiyus na tangaran mai lamba daidai da tsohon. A ƙasashe masu bolt 220 zuwa 240 yawanci amfiya 8 ne ko 10, a masu bolt 120 kuma 15 ko 20. Mun fi son a canza makunnan gaba ɗaya a lokaci guda, a kuma duba robar da ke riƙe da su ko ta karye ta goce.

Wannan gyara ne mai araha, ya cancanta ko da na'urar ta ɗan kwana biyu. Bayan an gyara, a daina buga ƙofa, a kuma riƙa danna maɓallin tsayawa kafin a buɗe. Fizge ƙofa ana tsakiyar aiki yana sa tartsatsi a bakin makunnin, a hankali ya cinye shi.

TAMBAYA: Nawa yana ɗumama abinci, amma kwanan nan sai in ga tartsatsi daga bangon dama da ƙara tas-tas, ga ƙauri. Ban sa cokali ko wani ƙarfe ba. Maigidana ya ce a jefar kafin ya tayar da gobara.

AMSA: Malama, ki daina kunna shi, amma kada a jefar tukuna. Ki zare filogi ki leƙa bangon da tartsatsin ke fitowa. Za ki ga wani ɗan falle mai ruwan toka ko ruwan azurfa, kamar girman tafin hannu, mai kama da kwali. Ba kwali ba ne, wani ma'adini ne da ake kira maika, kuma shi ke rufe bakin hanyar da igiyoyi ke fitowa don kada maiko da tururi su shiga wurin magnetiron. In miya ta fantsama a kansa ba a goge ba, kullum tana ƙara dahuwa har ta zama gawayi, gawayi kuma yana ɗaukar wuta. Daga nan tartsatsin yake.

Wannan gyaran ba ya buƙatar kwance murfin waje, don haka kina iya yi. Fallen yana maƙale ne da 'yan kunnuwa da ke shiga tsaga, ko da ƙusar roba, ko sukuru ɗaya. Ki cire shi a hankali, yana da saurin karyewa. Ki goge maikon da ke bayansa da tsumma mai ɗan danshi da sabulu, ki bari ya bushe ƙarau. Masu kayan gyara suna sayar da fallen maika babba. Ki ɗora tsohon a kai, ki zana da fensir, ki yanka da kaifaffiyar wuƙa ko almakashi, ki goge gefen ya yi sumul, ki mayar. Kada a maye gurbinsa da kwali ko roba, kada kuma a kunna ba shi. Ki gwada da kofin ruwa a ciki na minti 1. Ba a kunna maikirowef wayam, domin igiyoyin da ba su sami abin da zai sha su ba suna komawa kan magnetiron su gasa shi.

Inda maigida zai yi gaskiya shi ne in kin cire fallen kin tarar ƙarfen bayansa ya ƙone ya huje, ko tartsatsin ya ci gaba bayan an sa sabo. Haka nan tsatsa. Ki ɗaga faranti ki duba inda tayoyin zobe ke bi, nan fenti ke fara ɓarewa. In tabo ne kaɗan a sama, a goge da samfefa mai laushi, a shafa fentin da aka yi musamman don cikin maikirowef, ba fentin ƙofa ko na mota ba. In tsatsar ta ci ƙarfe har ta yi rami, an gama, ba a faci.

Ki kuma sake duba kwanukanki. Samira ƙarfe ce a ƙarƙashin fentinta, tangaran mai zanen ruwan zinare a baki ma yana tartsatsi. Don tsafta kuwa, kofin ruwa da lemun tsami, minti 3 zuwa 5 a cikakken ƙarfi, a bar ƙofa rufe na wasu minti 5, tururin zai jiƙa duk abin da ya bushe, tsumma ya kwashe.

TAMBAYA: Farantin ya daina juyawa, abinci gefe zafi gefe sanyi.

AMSA: Ka ciro farantin da zoben tayoyin ka wanke, sau da yawa busasshen abinci ne ya cije taya. Ka duba 'yar robar tsakiya mai kai uku da farantin ke hawa: in ramin ƙasanta ya lashe, mota tana juyawa ita kuwa tana tsaye, sai a sayi wata a dasa da hannu. In duk lafiya, motar ce. Ƙarama ce mai juyi 5 zuwa 6 a minti, ta ƙasan na'urar ake kai mata, kuma ba ta da tsada. Abin lura ɗaya: wasu na wutar soket ne, wasu na bolt 21 ko 30, a karanta jikin tsohuwar kafin a saya. Ba wanda ya kamata ya sayi sabon maikirowef saboda wannan.

TAMBAYA: Wajen ƙaura namu ya faɗi, ƙofar ta ɗan karkace, sai an danna ta da hannu yake tashi. Surukata ta ce a daina amfani da shi, wai hasken da ke fita yana sa ciwon daji. Wani kuma ya ce in sa wayar hannu a ciki in kira, in ta yi ƙara to yana yoyo. Mene ne gaskiya?

AMSA: Hajiya, ki gaishe da Mama, ki ce mata igiyoyin maikirowef dangin na rediyo da na'urar hango jirage ne. Daga aikin wannan na'urar ma injiniya Percy Spencer na kamfanin Raytheon ya gano dafa abinci da su a 1945. Ba irin hasken hoton ƙashi ba ne da ke lalata ƙwayar halitta, kuma ba sa zama a cikin abinci. Da an kashe, sun ɗauke. Illarsu in sun yi yawa ƙuna ce, kuma ido yana cikin sassan jiki mafi rauni a kanta.

Amma a kan daina amfani da wannan na'urar, tana da gaskiya. Abin da ke tsare igiyoyin shi ne akwatin ƙarfe, da ragar da kike gani a gilashin ƙofa, da wani lungu da aka ƙera a kewayen ƙofar. Tsawon igiyar kusan santimita 12 ne, ramukan ragar kuwa milimita 1 zuwa 2, don haka ba ta iya wucewa. Duk wannan ya dogara ne da ƙofa ta zauna daram. Dokar Amurka, wadda ke aiki tun 1971, ta iyakance yoyon da aka yarda da shi a miliwat 5 kan kowace murabba'in santimita, in an auna daga nisan santimita 5. Ƙofar da sai an danna ta ba wanda zai ba ki tabbacin tana cikin wannan iyaka sai da na'urar auna yoyo.

Gwajin waya ba hujja ba ne. An ƙera ƙofar ne don tare igiya mai saurin kaɗawa iri ɗaya tak, waya kuwa tana aiki da wasu daban, tana kuma iya kama sigina mai rauni ƙwarai. Lafiyayyen maikirowef ma waya na iya ƙara a cikinsa.

In ƙugiyar roba ce ta karye ko sifirin ɗinta ya fita, ana canzawa da araha. In hinji ya lanƙwashe, ko fuskar akwatin ta lotsa, ko ragar ta yage, ki sayi sabo. Miƙe ƙofar maikirowef da guduma gyaran gangar auzinawa ne.

TAMBAYA: Nawa Panasonic ne mai inbata, shekara takwas. Yana farawa, bayan 'yan daƙiƙu ya tsaya ya rubuta H98. Wasu maɓallan ma sai na danna da ƙarfi. In sabo zan saya, me zan duba, kuma yaya zan yi da tsohon?

AMSA: Alhaji, H97 da H98 a na'urorin wannan kamfani suna nuni ne ga matsala a ɓangaren inbata ko magnetiron. Mai inbata ba shi da babbar taransifoma mai nauyi, wani bod ne ke yin aikinta. Amfaninsa shi ne yana rage ƙarfi na gaske, saɓanin na gargajiya da ke kunnawa yana kashewa in an sa shi a rabin ƙarfi. Matsalarsa kuma bod ɗin yana da tsada, kuma sau da yawa magnetiron da ya lalace ne ke kashe shi, sai a sa sabon bod ya sake ƙonewa. Ga shekara takwas, ga fallen maɓallai ya fara gajiya: gyara biyu ko uku ke jiranka. Ka saya.

Wajen saye, lambar wat ɗin da yake fitarwa za ka duba, ba wadda yake ja ba, dukansu suna kan takardar da ke manne a baya. Wat 700 yana ɗumamawa amma da nawa. 800 zuwa 1,000 ya ishi yawancin gidaje. Girman ciki da lita ake faɗa: 20 na mutum ɗaya ko biyu, 25 zuwa 30 na iyali. Ka auna farantin da kuka fi amfani da shi kafin ka fita, don kada ya riƙa bugun bango. Ciki na ƙarfe marar tsatsa ko mai rufin tangaran ya fi mai fenti daɗewa. Mai murɗawa biyu, ɗaya na lokaci ɗaya na ƙarfi, ba shi da kyan gani kamar mai allo, amma ba bod ɗin da hawa da saukar wuta za su ƙone, kuma kowane mai gyara ya san shi. Ka buɗe ƙofar ka rufe sau da yawa a wurin, ka ji ko tana kamawa ba sai an tura ba. Ka tambayi tsawon garantin magnetiron daban, ka adana rasit. A gida ka bar masa sarari ta baya da gefe da sama gwargwadon yadda littafinsa ya ce, ka ba shi soket nasa shi kaɗai mai wayar ƙasa.

Tsohon kuma ka ajiye farantin gilas da zoben tayoyin, suna iya shiga wani. Ka yanke wayar daga gindi don kada wani ya tsinta ya jona, ka kai shi inda ake karɓar matattun kayan lantarki ko ka bar wa mai gyara ya ciri abin da zai yi amfani. Kada a bar yara su kwance shi don neman maganaɗisu: ban da wutar kafasita, farin ko jan tangaran da ke wuyan wasu magnetiron yana iya ƙunsar sinadarin beriliyam, wanda ƙurarsa ke lalata huhu in an fasa shi an shaƙa.